“Bincike Ya Nuna”: Me Ya Sa Masana Ke Faɗin Magana Yau, Gobe Su Janye?

A watan Afrilun 2025 wata tawagar masana sararin samaniya daga Jami'ar Cambridge ta Ingila, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Nikku Madhusudhan, ta sanar da cewa na'urar hangen nesa ta James Webb ta hango alamar wani sinadari a iskar wata duniya mai suna K2-18b, wadda haske kansa sai ya yi tafiyar shekara 124 kafin ya iso nan daga can. Sinadarin, wanda ake taƙaita sunansa da DMS, a duniyarmu galibi ƙananan halittun teku ne ke samar da shi, don haka kafofin yaɗa labarai suka ɗauki maganar a matsayin alama mafi ƙarfi ta samuwar rai a wajen wannan duniya. Ba a yi wata biyu ba, wasu masana daga Oxford da Chicago da sauran wurare suka sake duba bayanan da na'urar ta aiko, suka ce su ba su ga hujjar da ta kai a kafa wannan magana a kanta ba.

Mai karatu yana da haƙƙin ya tambaya: wa za a gaskata? Tambayar ba ta tsaya a sararin samaniya ba. Malamin makaranta yakan halarci bita a koya masa wata sabuwar dabarar koyarwa da aka ce bincike ya tabbatar da ita, bayan 'yan shekaru kuma a ce masa babu hujja. Mai fama da ciwon damuwa yakan ji an yabi wata hanyar jinya, wani likitan kuma ya ce an zuzuta ta. Jimlar “bincike ya nuna” ɗaya ce a baki, amma nauyinta ya bambanta ƙwarai daga fanni zuwa fanni, kuma bambancin yana da dalilan da za a iya bayyanawa.

Kalmomi uku da ke ƙarƙashin maganar

Ta farko ita ce tantancewa. Kafin mujallar ilimi ta buga bincike, edita yakan aika shi ga masana biyu ko uku na wannan fanni su karanta, su nuna kurakurai, su ba da shawarar a buga ko a ƙi. Waɗannan masu tantancewa ba sa sake yin gwajin da hannunsu. Abin da aka rubuto musu suke dubawa. Saboda haka buga bincike a babbar mujalla shaida ce cewa aikin ya cancanci a saurare shi, kuma iyakar shaidar ke nan.

Ta biyu ita ce maimaitawa, wato wasu masana daban, a wani wuri daban, su bi matakan da na farko suka bi su ga ko za su sami abin da aka samu. Wanda ya san yadda ake tabbatar da ganin wata a mazhabar Malikiyya ba zai ga baƙon abu a nan ba: mutum ɗaya, komai gaskiyarsa, idonsa na iya ruɗarsa, shi ya sa ake neman adilai biyu ko jama'a mai yawa da ba za su haɗu a kan kuskure ɗaya ba.

Ta uku ita ce ma'aunin dace. Kowane gwaji yana iya ba da sakamako mai kama da gaskiya alhali dace ne kawai. Idan aka jefa kwabo sama ya faɗi ta fuska ɗaya sau huɗu ko biyar a jere, babu wanda zai rantse cewa kwabon yana da aibi, domin hakan na faruwa. To, ƙa'idar da aka saba bi a ilimin halayyar ɗan Adam da binciken koyarwa da na likitanci, wadda ta samo asali daga masanin ƙididdiga Ronald Fisher a shekarun 1920, kusan a nan ta tsaya: idan yiwuwar dace ya haifar da irin wannan sakamako bai kai 1 cikin 20 ba, sai a ce an sami sakamako mai ma'ana. Masana fiziks na ƙananan ƙwayoyin halitta kuwa ba sa cewa sun gano sabon abu sai sun kai matakin da suke kira sigma biyar, wato kusan 1 cikin miliyan uku da rabi, tamkar kwabo ya faɗi ta fuska ɗaya sau 22 a jere. Sanarwar K2-18b a sigma uku ta tsaya, kusan 3 cikin 1,000, kuma tawagar Cambridge da bakinta ta faɗi cewa ba ta kai matakin ganowa ba. Wannan sharaɗin ne ya ɓace a yawancin kanun labarai.

Inda kuskure ba ya daɗewa

Kada a ɗauka tsananin ma'auni yana hana masana fiziks kuskure. A watan Satumban 2011 masu gwajin OPERA suka sanar da cewa wasu ƙwayoyi da ake kira nutirino, waɗanda aka harbo daga cibiyar CERN da ke kusa da Geneva zuwa ɗakin gwaji na Gran Sasso a Italiya, tazarar kilomita 730, sun riga haske isowa da kashi 60 cikin biliyan na daƙiƙa ɗaya. Da hakan ya tabbata, da ya rushe ginshiƙin nazariyyar Einstein, wadda ta ce babu abin da ke iya wuce haske gudu. Lissafinsu ya kai sigma shida, ya zarce ƙa'ida. Amma a watan Fabrairun 2012 aka gano cewa wata wayar da ke kai saƙon lokaci zuwa agogon na'urar ba ta ɗauru da kyau ba, kuma wani gwajin da ke maƙwabtaka da su a Gran Sasso, mai suna ICARUS, ya auna ya tarar nutirino ba su wuce haske ba. A watan Maris jagoran tawagar ya sauka daga muƙaminsa.

Darasin da ke cikin wannan labari yana da muhimmanci ga duk abin da zai biyo baya: ma'aunin sigma yana kare mai bincike daga dace, amma ba ya kare shi daga waya maras ɗauri. Idan na'ura tana ba da amsa karkatacciya, ko sau dubu aka auna karkatacciyar za ta ci gaba da bayarwa. Haka ya faru a 2014, lokacin da tawagar BICEP2 da ke aiki a ƙarshen kudancin duniya ta ce ta ga sawun farkon faɗaɗar sararin samaniya, sai nazarin haɗin gwiwa da bayanan tauraron ɗan Adam na Planck ya nuna a farkon 2015 cewa ƙurar da ke cikin rukunin taurarin da duniyarmu take ciki za ta iya bayyana abin da aka gani.

Abin da ya bambanta wannan fanni shi ne saurin gyara, kuma an gina shi ne tun daga tsarin aikin. A CERN tawagogi biyu ne, ATLAS da CMS, kowace da na'urarta da mutanenta, suka nemi ƙwayar Higgs, wata ƙaramar ƙwayar halitta da lissafi ya daɗe da hasashen samuwarta, kuma a ranar 4 ga Yulin 2012 duka biyun suka kawo sakamako ɗaya. Cibiyar LIGO ta Amurka tana da na'urori biyu, ɗaya a Hanford ɗaya a Livingston, tsakaninsu kusan kilomita 3,000, kuma girgizar sararin samaniya da suka kama ranar 14 ga Satumban 2015 ta bayyana a duka biyun. Kafin nan ma, a 2010, wasu 'yan ƙalilan daga cikin tawagar sun cusa saƙon bogi a cikin bayanan a asirce don a gwada sauran, waɗanda suka shafe watanni suna nazari har suka rubuta takarda kafin a buɗe musu sirrin. Ga kuma wata sa'a da fannin ke da ita: nutirino na Italiya da na Japan halinsu ɗaya ne, ba su san ana kallonsu ba, kuma ba sa ƙoƙarin faranta wa mai bincike rai.

Abin da 2015 ta tona

Ɗan Adam ba haka yake ba. A watan Agustan 2015 mujallar Science ta buga sakamakon wani aiki da masana 270 suka yi ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek na Jami'ar Virginia. Sun zaɓi bincike 100 da manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam uku suka buga a 2008, suka maimaita kowane. A asali 97 daga ciki sun ce sun sami sakamako mai ma'ana; da aka maimaita, kusan kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka ba da irin wannan sakamako, kuma a matsakaici ƙarfin tasirin ya ragu da rabi.

Ba ha'inci ne babban dalili ba, ko da yake akwai shi jefi-jefi. Dalilan sun fi wannan sauƙi kuma sun fi yaɗuwa. Bincike da yawa mutum 40 ko 50 ake yi da su, kuma a ƙaramin adadi dace yana da babban fili. Mai bincike yakan auna abubuwa goma, ya ba da rahoton ɗayan da ya fito da kyau, sau da yawa ba tare da ya ga laifin hakan ba. Mujallu kuma sun fi son labarin “an gano” a kan “an duba ba a ga komai ba”, don haka binciken da bai yi nasara ba yakan ƙare a cikin durowa. Idan masana ashirin suka gwada abin da ba shi da wani tasiri, bisa ƙa'idar 1 cikin 20 ana sa ran ɗayansu zai dace. Nasa za a buga, na sauran sha tara ba wanda zai ji labarinsu.

Akwai kuma batun su wa ake gwadawa. Wani nazari da aka buga a 2010 ya jawo hankali ga cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu, waɗanda ke ɗauke da kashi 12 cikin ɗari kacal na al'ummar duniya, kuma da yawansu ɗaliban jami'a ne.

Aji da littattafan Kenya

A binciken koyarwa maimaitawa ta fi ƙaranci. Matthew Makel da Jonathan Plucker sun duba manyan mujallun fannin guda 100 a 2014, suka tarar kashi 0.13 cikin ɗari ne kawai na abin da aka buga ya kasance maimaita wani bincike. A irin wannan yanayi ra'ayi yakan yi shekaru yana yawo ba a taɓa gwada shi da gaske ba. Misali sananne shi ne cewa kowane yaro yana da salonsa na koyo, wani ta gani, wani ta ji, wani ta taɓawa, kuma zai fi fahimta idan aka bi salon nasa. Wani babban bita da aka yi a 2008 bai sami hujjar da ta goyi bayan hakan ba, amma bayan shekara huɗu wani bincike ya tarar fiye da kashi 90 cikin ɗari na malaman da aka tambaya a Birtaniya da Holan sun yarda da shi.

Wani misalin ya fi sarƙaƙiya. Carol Dweck ta Jami'ar Stanford ta yi suna da ra'ayin cewa yaron da ya yarda basira tana ƙaruwa da ƙoƙari yakan fi wanda ya ɗauka basira tsayayyen rabo ce. A 2019 aka buga gwaji a kan ɗalibai kusan 12,000 a makarantun gwamnati 65 na Amurka, inda darasi na ƙasa da awa ɗaya ta intanet ya ɗaga makin masu rauni da 0.1 a ma'aunin da ƙololuwarsa 4 ce. A shekarar dai, wani gwaji a makarantun firamare 101 na Ingila bai ga wani ƙarin ci gaba ba. Masu goyon baya suna cewa tasiri ƙarami a kan kuɗi kaɗan riba ce idan yara miliyoyi ne. Masu suka suna cewa abin da aka sayar wa makarantu a tarukan bita ya ninka wannan sau da yawa. Kowane ɓangare yana da gaskiya a abin da ya faɗa.

Gwajin da ya fi kusa da halin makarantunmu shi ne wanda Michael Kremer da abokan aikinsa suka yi a karkarar yammacin Kenya. An raba wa wasu makarantu littattafan karatu ta hanyar ƙuri'a, aka bar wasu domin kwatance. Kowa ya zaci makin yara zai tashi, amma a matsakaici bai tashi ba. Waɗanda suka amfana su ne yaran da dama suke kan gaba. Littattafan da Turanci aka rubuta su, harshe na uku ga yawancin yaran, kuma da yawansu ba su iya karanta su ba. Malamin da ke tsaye gaban aji huɗu da littafin Turanci a hannu, alhali rabin ajin ba su iya haɗa baƙi da wasali a Hausa ba, ya san wannan matsala ba tare da an fassara masa ba. Irin waɗannan gwaje-gwaje ne suka ƙarfafa tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da shi, na rarraba yara bisa abin da suka iya maimakon bisa ajinsu, tsarin da aka maimaita gwajinsa sau da dama a jihohin Indiya kafin a fara ɗaukar sa a ƙasashen Afirka, ciki har da Najeriya.

Jinya ta hanyar zantawa

A nan wahalar ta ninka. Wanda ake gwada ƙwayar magani a kansa ana iya ba shi ta bogi ba tare da shi ko likitansa sun sani ba. Wanda ya zauna awa guda yana zantawa da mai ba da shawara kuwa ya san an yi masa jinya, mai jinyar ma ya sani, kuma sau da yawa wanda ya ƙirƙiro hanyar shi ne ke gwada ta. Galibi kuma ana kwatanta majinyatan ne da waɗanda aka ce su jira layi, kwatancen da ke sa kowace hanya ta yi kyau fiye da yadda take.

Muhawarar tsohuwa ce. A 1952 Hans Eysenck ya yi iƙirarin cewa babu hujjar wannan jinya tana da amfani. A 1977 Mary Lee Smith da Gene Glass suka tattara bincike 375 suka haɗa lissafinsu wuri ɗaya, suka nuna tana da shi. Sai dai tattara abin da aka buga ba ya ganin abin da ke cikin durowa. A 2015 Ellen Driessen da abokan aikinta suka bi sawun tallafi 55 da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta bayar don gwada jinyar ciwon damuwa ta zantawa, suka tarar 13 ba a taɓa buga sakamakonsu ba. Da suka nemo bayanan suka haɗa, ƙarfin tasirin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ya kamata a karanta wannan da kyau: jinyar tana aiki, amma ba ta kai yadda mujallu suka nuna ba. An sami makamancin wannan giɓi a gwaje-gwajen ƙwayoyin maganin damuwa a 2008, don haka ba hujja ba ce ta fifita ƙwaya a kan zantawa.

Wani lokaci gwaji yakan nuna cewa abin da ake yi da kyakkyawar niyya ba shi da amfani. An daɗe ana tara waɗanda suka tsira daga hatsari ko hari a zama ɗaya, a sa su ba da labarin abin da suka gani dalla-dalla, da tunanin hakan zai hana ciwon firgici. Da aka gwada ta hanyar ƙuri'a, ba a ga ya hana ba, kuma a wasu gwaje-gwajen waɗanda aka yi wa sun fi shan wahala daga baya. Hukumar Lafiya ta Duniya yanzu tana ba da shawarar a bar wannan hanya, a koma ga taimakon farko na kwantar da hankali ba tare da tilasta wa kowa magana ba. Wannan ya shafi duk mai aikin agaji a sansanin 'yan gudun hijira a Borno ko Diffa.

A ɗaya gefen akwai aikin Dakta Dixon Chibanda a Zimbabwe, wanda ya horar da ma'aikatan lafiya na unguwa, galibinsu dattawan mata, su zauna da majinyata a kan benci a harabar asibiti su yi zama shida. Ba su yi amfani da kalmar asibiti ba; sun yi amfani da kalmar Shona da ke nufin yawan tunani, kamar yadda Bahaushe zai ce tunani ya yi wa wane yawa. A gwajin da aka buga a 2016, wanda ya ƙunshi mutum 573 a asibitoci 24 na Harare, bayan wata shida kusan kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da alamun ciwon damuwa, a kan kusan kashi 50 na rukunin kwatance.

Inda masana suka saɓa, da gyaran da ake yi

Ba kowa ya yarda a kira wannan yanayi rikici ba. Daniel Gilbert na Harvard da abokansa sun soki aikin 2015, suna cewa wasu maimaitawar sun sauya mutane da yanayi har ba za a kira su gwaji ɗaya ba. Hujjar tana da ƙarfi a wasu misalan, sai dai tana da kaifi biyu, domin sakamakon da ke ɓacewa da zarar an sauya gari ba abin da za a gina manufar ƙasa a kansa ba ne. Wasu masanan sun nemi a tsananta ƙa'idar zuwa 1 cikin 200, wasu kuma suka ce a daina dogaro da layi ɗaya gaba ɗaya. Neman sigma biyar a aji ko a asibiti ba mai yiwuwa ba ne, domin na'urar CERN tana karo da ƙwayoyi miliyoyi a daƙiƙa, mai binciken jinya kuwa yakan yi shekara uku kafin ya tara mutum 200.

Gyaran da ya fi nuna tasiri shi ne mai bincike ya rubuta abin da zai auna da yadda zai lissafa kafin ya fara, a inda kowa zai gani. Wani nazari a kan manyan gwaje-gwajen cututtukan zuciya da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyi ya tarar 17 cikin 30 sun ba da rahoton nasara kafin 2000, lokacin da ba a yin rajista. Bayan an fara, 2 ne kawai cikin 25. Tun 2013 wasu mujallu suka fara karɓar bincike bisa tsarinsa tun kafin a san sakamako, da alkawarin bugawa ko yaya ya fito.

Abin da ya shafi iyaye, malamai da majinyata

Kuskuren OPERA bai taɓa aljihun kowa ba, kuma ko K2-18b tana da rai ko babu, farashin masara ba zai motsa ba. Kuskure a binciken koyarwa kuwa yakan zama kwangilar gwamnati da shekarun yaro da ba sa dawowa, a jinya kuma yakan zama kuɗin iyali da watannin wahala. Wato fannonin da hujjarsu ta fi wuyar kafuwa su ne suka fi kusa da rayuwar talaka. Shugaban makaranta ko jami'in ma'aikatar ilimi da aka kawo wa sabon shiri yana iya tambayar mutum nawa aka gwada, da wa aka kwatanta su, ko wasu da ba su da hannu a shirin sun maimaita, da kuma a wane harshe da wane irin aji aka yi. Majinyaci kuma bai kamata ya bar jinyar da likita ya ɗora shi a kai ba saboda kanun labari ɗaya, domin abin da bita ta nuna shi ne raguwar ƙarfin tasiri, tasirin kansa yana nan.

Akwai kuma ɓangaren da ya rage ga jami'o'inmu. Ƙarin girman malamin jami'a a Najeriya, kamar a ƙasashe da dama, ya dogara sosai ga yawan takardun da ya buga, kuma maimaita aikin wani ba kasafai ake ƙirga shi a matsayin sabon abu ba. Amma sakamakon Harare ko na Indiya ba zai zama hujja a Katsina ko Maraɗi ba sai an fassara tambayoyin zuwa Hausa, an tabbatar suna auna abin da ake nufi, an raba makarantu ko asibitoci ta ƙuri'a, sannan an buga abin da ya fito ko da bai yi daɗi ba. Wannan aiki ne na shekaru da kuɗi, kuma yana buƙatar hukumomin da ke ba da tallafin bincike, irin su TETFund, da kwamitocin ƙarin girma na jami'o'i su ƙirga shi a matsayin cikakken bincike.